Marsandin Baba ko jif ta zamani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mini Mercedes 280CE 'yar 1982, mai ƙofa biyu. Ina da mata da yara uku, kuma duk wata sai mun bi hanyar Kano zuwa Zariya. Uwargida ta dage in sayar in sayi jif Highlander, abokai kuma suna cewa kada in kuskura, wai Marsandi ƙarfe ce, motocin yanzu kuwa gwangwani ne, ko akuya ka buge sai sun lotse. Tsorona kada in saka iyalina a gwangwani da hannuna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ya san mota, don injin nan mai silinda shida, in yana samun mai da kulawa, sai ya ga jikokinka.

Amma maganar gwangwanin nan ta ishe ni. Kullum sai an kawo mini ita gareji, wani ya ƙwanƙwasa bodi da ɗan yatsa ya ce, "Ji ƙarfe!" Malam, ƙarfin karo dole wani abu ya shanye shi. In gaban mota bai lotse ya shanye ba, ƙirjinka da wuyan yaranka ne za su shanye. Da gangan ake ƙera gaba da baya su murƙushe, ɗakin da mutane ke zaune ya tsaya cak. Fanal bita motar yake dubawa bayan hatsari, ba ya bin mutanen asibiti, shi ya sa yake yabon wadda ba ta lotse ba.

A 2009 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009, kowacce tana gudun kilomita 64 a awa. Tsohuwar, mai ƙarfen, ɗakinta ya rufta, sitiyari ya taso wa mutum-mutumin da ke mazaunin direba. Ɗakin sabuwar bai rufta ba. Abin dariyar ma, Mercedes ce ta fara fito da mota mai gaban da ke lotsewa a 1959, dabarar injiniyanta Béla Barényi. Wato abokanka suna yabon motar Baba da halin da masu ƙera ta suka daɗe da yarwa.

Yanzu ka sauke gilasanta duka ka duba gefe. Babu ginshiƙi tsakanin taga da taga. Nan kyanta yake, nan kuma rauninta yake in tifa ta shigo ta gefe. Birkin ABS mai hana taya kullewa, da jakar iska mai kumbura ta tare mutum lokacin karo, a zamaninta sai wanda ya ƙara kuɗi ake sa wa. Ga tsatsar shekara arba'in a ƙarƙashi.

Don iyali da doguwar hanya, uwargida ta fi ka gaskiya. Sai dai jif tana da tsayi, ta fi saurin kifewa in ka fizgi sitiyari, kuma jakar iska ita kaɗai ba ta isa ta kare wanda bai ɗaura bel ba. In tokumbo za ka saya, murɗa makulli ka zuba wa fitilar jakar iska ido: ta kama, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ba ta kama ba sam, wataƙila wani ɗan damfara ya cire ƙwan don ɓoye jakar da ta riga ta fashe, sai a sa mata kwamfuta kafin ka biya.

Marsandin kuwa, in da hali, ajiye ta don Juma'a da yawon sallah a cikin gari.