Kujerar Kankare Daga Suwidin: Ta Asali Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani dillali ya yi mini tayin kujerar Suwidin mai suna Concrete, ya ce guda 100 kacal aka yi. Ni dai kankare na gani da bututun ƙarfe. Wa ya ƙera ta, kuma yaya zan gane ta asali? Daga mai karatu a Nima, Akra.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dillalin bai yi ƙarya ba wajen adadi. Jonas Bohlin, haifaffen 1953, shi ya zana ta a 1981 a matsayin aikin kammala karatunsa a makarantar Konstfack da ke Stockholm. Mutanen ƙasar sun saba da kujerun katako masu laushin zama, sai ga faifan kankare biyu, na zama da na jingina, haɗe da firam ɗin ƙarfe. Aka yi ta ce-ce-ku-ce. Sven Lundh na kamfanin Källemo a garin Värnamo ya ɗauke ta, aka yi 100. Daga baya Bohlin ya yi suna wajen tsara cikin gidajen abinci, irin su Sturehof.

Matsalar ita ce, gwanin mai walda a Kokompe, unguwar masu gyaran mota a Akra, zai iya kwaikwayonta. Don haka kada ka biya ko sidi ɗaya sai ka ga sa hannun Bohlin da lambar kujerar, misali 37/100, tare da rasit na inda aka saye ta. In an ce daga kamfanin gwanjo na Bukowskis da ke Suwidin ta fito, a aika musu hoton lambar su tabbatar. Sabon fenti mai sheƙi a ƙarfen abin tuhuma ne.

In ta tabbata, babban abokin gabanta iskar tekun Akra ce. Gishiri na sa ƙarfe tsatsa, musamman inda ya haɗu da kankare, don nan danshi ke maƙalewa. Kada a ajiye ta a baranda. Tsatsar da ta fara fitowa a goge ta a hankali da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, a shafa kakin goge katako siriri. Ban da sake fenti, yana karya mata daraja.

Kankaren kuwa tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi. Ruwan lemun tsami ko ruwan khal suna cin siminti, manja kuma in ya shige ciki sai tabo. Mutum biyu su ɗaga ta ta firam, kada a ja ta a kan tayil, gefen faifan ne ke fara ɓantarewa.