Bindigar Marigayi Ta Yi Tsatsa

Tambaya: Baba, na gāji bindiga mai baki biyu ƙirar Birmingham ta Ingila daga mahaifina. Tun da na kawo ta Agege take tsatsa, ƙotar ma ta dushe. In goge ta da samfefa in shafa fenti? Daga wani mai karatu.

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, don Allah ka aje samfefar nan. Na taɓa ganin wadda aka goge haka, zanen furannin da maƙeri ya sassaƙa a jikinta duk ya shafe, ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Iskar Legas akwai laima da gishiri, shi ne ciwonta. Samu soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ka ɗiga masa mai, ka bi tsatsar sannu a hankali. Ƙotar kuwa man linsid, wanda ake shafa wa katako, take so, ɗigo kaɗan a tafin hannu, ka murza, ka bari ya bushe kafin ka ƙara.

Amma kada ka harba ta. Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila an yi su ne don harsashi mai tsawon milimita 65, na yanzu kuwa 70 ne, sai gwani ya auna. Sannan lasin marigayi ba ya bin gādo, ka je wurin 'yan sanda ka nemi naka tukuna.