Dalilin fara girka rumbun bayanai kafin sabar sunaye

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa na hana ka kunna sabar sunaye ta DPM, tsohuwar manhajar nan ta ajiyar fayiloli a injuna da yawa, tun ba ka gama da MySQL, manhajar rumbun bayanai, ba, alhali a ganinka sabar ce gaba a aikin. Sabar nan da ake kira DPNS ba ta riƙe da fayil ko ɗaya, kuma ba ta tuna komai da kanta. Fayilolin suna kwance ne a faya-fayan wasu injuna dabam, abin da ta sani game da su kuwa, wato suna da girma da mai shi da izinin shiga da inda kowane kwafi yake, duk daga wani rumbu da ke cikin MySQL mai suna cns_db take karanto shi. Haruffan cns ɗin ma gado ne daga CASTOR, tsarin ajiyar CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, wanda aka samo sabar daga gare shi.

Saboda haka ka ƙirƙiri teburan rumbun da fayil ɗin SQL, wato na umarnin rumbun, da ya zo tare da manhajar DPM, kada ka rubuta su da hannu, sannan ka buɗe wa sabar asusu nata na kanta a MySQL. Ka tabbatar teburan na InnoDB ne, wato nau'in teburin MySQL da ba ya barin aiki rabi, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauya wa kundi (wato folda) suna, aikin zai koma yadda yake tun farko maimakon ya tsaya rabi da rabi. Sunan asusun da kalmar sirri da sunan injin da MySQL ke kai kake rubutawa a layi guda cikin NSCONFIG, fayil ɗin saitin sabar, kuma ban da dpmmgr, asusun da sabar ke gudana da shi, kada ka bar wa wani asusu ikon karanta shi.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne takardar shaidar injin, wato satifiket ɗin da injin ke tabbatar da kansa da shi ga masu shiga. Dole sunan da ke cikinta ya dace da wanda DNS, tsarin sunayen injuna na intanet, ke bayarwa, agogon injin kuma ya kasance daidai ta hanyar NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, in ba haka ba za a riƙa ƙin masu shiga, kai kuma kana ta zargin rumbun. Bayan wannan sai ka buɗe ƙofar sadarwa ta 5010, inda sabar ke karɓar buƙatu, ka kunna sabar, ka gwada umarnin dpns-mkdir mai ƙirƙirar kundi da dpns-ls mai jero abin da ke cikinsa.

Idan cns_db ya lalace, fayilolin suna nan a faifai, amma babu mai iya cewa na wane ne ko a wane kundi suke. Ka sa umarnin mysqldump ya riƙa ɗaukar kwafin rumbun kullum zuwa wani inji, kuma kafin mu bar kowa ya ajiye fayil, ina son in ga ka maido da kwafin a injin gwaji, dpns-ls ya nuna kundayen daidai.