Amsa ga Yayana na Katsina, daga Zangon Kumasi

Yaya, tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan zan amsa maka. Ka ce ta yaya mutum zai kira kansa jikan Katsinawa alhali yana cin tuwo kwano ɗaya da masu cewa Allah uku ne, ka kuma ce mu 'yan Zango mun narke cikin Asante. Maganar ta yi mini ciwo.

Kakan babana da kakan babanka ciki ɗaya suka fito. Naku ya zauna a Ƙofar Marusa, namu ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja a 1892, fatake suka bazu, daga baya shi ya sauka Kumasi. A 1969 gwamnatin Busia, Firaministan Gana na lokacin, ta ba da umarnin korar baƙi, aka loda danginmu da yawa a manyan motoci. A lokacin an ce mu ba 'yan Gana ba ne. Yau kuma ɗan'uwana ne ke cewa mu ba Hausawa ba ne.

Mahaifiyata Ba'asantiya ce, a cocin Methodist ta tashi. Baba ya aure ta tana Kirista, kuma ka fi ni sanin aya ta 5 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta auren matan Ma'abota Littafi. Sai da ta haifi yayata sannan ta musulunta, don ra'ayin kanta. A wurin Asante ɗa na dangin uwa ne, don haka kawu ba ƙaramin mutum ba ne. Nawa kawun dattijon coci ne, kuma shi ya biya mini kuɗin sakandare. Shi kake so in yanke?

Duk Babbar Sallah yana zuwa gidanmu a unguwar Aboabo ta Kumasi, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ana suyar nama muna muhawara. Abu na farko da ya koya mini shi ne in daina ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ya ce shi bai taɓa bauta wa alloli uku ba: Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, babu Maryamu a ciki, kuma kalmar ɗa ba ta nufin haihuwa irin ta miji da mata. Sai ya buɗe farkon Linjilar Yohanna, inda aka ce Kalma ya zama mutum, ya kawo misalin rana da haskenta da zafinta. Ni kuma in ce masa haske daga rana yake samuwa, bai kai matsayinta ba. In tambaye shi wa Annabi Isa yake roƙo da ya yi addu'a a lambun Gatsemani, kuma me ya sa a Markus 13:32 ya ce Ɗan bai san ranar ƙarshe ba sai Uban. Ya ce a nan Yesu yana magana ne a matsayinsa na mutum, domin tun taron shugabannin coci na Nikiya a shekarar 325 da na Kalsidon a 451 coci ta tsaya a kan cewa cikakken Allah ne kuma cikakken mutum.

A nan muke rabuwa kullum. Zuciyata ba ta karɓi cewa Mahaliccin sammai ya ji yunwa ko ya yi barci ba. Alƙur'ani ya ce Isa da mahaifiyarsa suna cin abinci, ya ce misalinsa kamar na Adamu ne. Ina karanta masa Ƙulhuwallahu, ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai, sannan in cika masa leda da nama ya kai wa iyalinsa. Suratul Ankabut ta ce a yi jayayya da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau, kuma a 2019 Babban Limamin Gana, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya ziyarci cocin Katolika a Ankara, babban birnin Gana, ranar Ista. Ku ma ai kuna da Hausawa Kiristoci a Malumfashi da Kafur. Ka taɓa zama da ɗayansu ka ji ta bakinsa, ko bidiyon Ahmed Deedat kawai ake turawa a waya?

Ba na cewa babu damuwa. 'Ya'yanmu mata ba ma aurar da su ga wanda ba Musulmi ba, amma akwai yaran da uba ya rasu, dangin uwa suka ɗauke su, suka tashi a coci. Wannan yana hana dattawanmu barci. Hausar yaranmu ma ta gauraya da Tuwi, yaren Asante, amma da ita ake wa'azi a masallatanmu, da ita ake ɗaura aure.

Da Allah Ya yi wa Inna rasuwa, danginta suka so a ajiye gawa makonni kamar yadda al'adarsu take. Kawun nan ne ya miƙe ya ce 'yar'uwarsa Musulma ta mutu, a bar 'ya'yanta su rufe ta a ranar. Ya raka mu har maƙabarta. Daga Katsina kuwa, Yaya, saƙon waya kaɗai muka samu, shi ma sai bayan sadakar uku.