Neman tarihin kakan da ya yi aikin En'e

Malam, tunda ka ce kakan mahaifinka malamin haraji ne a En'e ta Kano, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, fara da tsofaffin matan gidanku, su ne suka riƙe laƙabi da zancen aure da ƙaura. Kada ka tambaye su shekara. Ce musu, "Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano aka haife shi, ko bayan nan?" Jirgin ya iso a 1911, ka ga ka sami ma'auni.

Sannan ka nufi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ka nemi fayilolin lardin Kano, masu lambar Kanoprof. Da sunan gunduma da hakimi ake nema, don haka fara sanin hakimin da ya yi wa aiki. Tafi da mai karanta ajami.