Ctrl Ya Mutu: Ko Caps Lock Zai Maye Gurbinsa?

Tambaya: Malam, maɓallin Ctrl na hagu a kwamfutata ya daina aiki. Ko zan iya ɗora wa Caps Lock aikinsa?

Amsa: Ƙwarai kuwa. A Windows, sauke manhajar PowerToys, ka buɗe sashenta mai suna Keyboard Manager, ka zaɓi Caps Lock ya koma Ctrl. Amma da ka rufe manhajar, sauyin ya tafi. Shi ya sa muka fi son wata manhajar, SharpKeys: tana rubuta sauyin cikin rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitukansa, sai ka kashe kwamfutar ka kunna, ya zauna daram. A Mac kuwa, wurin yin sauyin yana cikin saitin kibod, ƙarƙashin Modifier Keys.

Kada ka wahala da ƙoƙarin mayar da maɓallin Fn ya zama Ctrl. A yawancin kwamfutoci saƙonsa bai isa Windows ba, cikin kibod ɗin yake ƙarewa.