Kafin Ka Miƙa Hannu Ga Ƙoƙon

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta mini shi bayan mun taso daga addu'ar yamma. Ka tambaya ko dole ne mutum ya taka har gidan wanda suka saɓa da shi kafin ya ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu, kamar yadda muke yi a nan ƙasar Sumaila, ko kuwa ya isa ya tura masa "a yafe mini" ta WhatsApp. Na yi murmushi da farko, amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai, domin mai irin wannan tambaya, akwai wanda yake gudun haɗa ido da shi.

A 1973, shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, aka yi farin da gero ya ƙone tun yana tsaye. Ina saurayi a lokacin. Akuyar Baffa, ƙanen kakanka, ta kutsa cikin 'yar dawar da ta rage mana a bakin fadama, ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na sa ƙotar fartanya na karya mata ƙafa. Baffa ya zo ya faɗi maganganu, kakanka ya mayar masa, daga ranar kuma ƙwaryar tuwo ta daina ƙetare dangar da ke tsakanin gidajen biyu. Wata uku aka yi a haka, suna zama a majami'a ɗaya, suna rera waƙa ɗaya, amma idan aka zagayo da gurasa da ƙoƙo sai kakanka ya sunkuyar da kai ya bar su su wuce.

Kakanka ya baro Maguzanci ta wa'azin 'yan mishan na SIM tun kafin a kafa ikilisiyar ECWA a 1954, kuma da Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, ya koyi karatu. Cikin dare nakan ji shi yana juyi a kan tabarma, daga baya ya kunna fitilar ƙwai ya buɗe Matiyu sura 5, inda Yesu ya ce wanda ya kawo baiko, wato hadaya ga Allah, ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya bar baikon a gaban bagade ya je su shirya tukuna. Kakarka takan ce masa fushi garwashi ne a cikin rumbu, mai rumbun yake fara yi wa ɓarna.

Wata Asabar bayan magariba kakanka ya kira ni, ya ciro damin dawa daga rumbun da ya kusa ƙarewa ya aza mini a ka. Da muka isa zauren Baffa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: ya tuɓe takalmansa, ya cire hula, ya durƙusa a gaban ƙanensa, ya ce yaronsa ne ya yi ɓarna, shi kuma bakinsa ya ƙara. Baffa ya yi shiru, leɓensa yana rawa, sa'an nan ya kama hannunsa ya ɗaga shi. Matar Baffa ta kawo ruwa a ƙwarya, suka sha ɗaya bayan ɗaya, aka miƙo mini sauran. A hanya na ce masa bai dace babba ya durƙusa wa ƙarami ba, ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Daren nan ya yi barci har rana ta fito, sai da aka tashe shi don sujada.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu shi ne kuna neman salamar da Manzo Bulus ya ce ta fi gaban ganewa, amma ba kwa son kunyar da ake bi ta cikinta kafin a kai gare ta. Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take, kuma waya ba ta nuna wa mutum rawar muryarka ko sunkuyar da kanka. Ban ce saƙon bai da amfani ba idan mutumin yana Legas kai kana Kano, wannan sai mu zauna mu tattauna idan ka zo Kirsimeti. Amma ka faɗa mini tukuna, da wa kuka saɓa, kuma gidansa tafiyar minti nawa ne daga naka?